Je Ka Ɗauko Takalminka

A gidanmu akwai yaron da ba ya rabuwa da takalminsa. Ko tuwo yake ci, silifas ɗinsa na nan gefen kwano. Ko wanka ake yi masa, sai an ajiye su inda idonsa ke ganinsu. Akwai lokacin ma da sai ya yi barci ake zaro su daga ƙarƙashin matashinsa. Baƙi in sun gani sukan yi dariya su ce yaron nan zai yi tattali in ya girma. Ni da uwarsa mukan taya su dariyar, amma mun san inda abin ya samo asali. Mu muka koya masa, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yadda ake ba da wannan karatu. Za ka fita, yaro ya riƙe maka riga yana kuka sai ya bi ka, sai ka sassauta murya ka ce, "To shi ke nan, je ka ɗauko takalminka mu tafi." Ya ruga ɗaki da murna, kai kuwa ka tura babur waje a hankali, ba ka tayar da shi sai ka sha kwana. An yi mini, na yi wa nawa. Sai dai shi nawa ya gano maganin abin tun yana shekara 3.

Ni malamin falsafa ne a wata lise a nan Damagaram. Saboda 'yan uwa na tsallaken iyaka, lise ita ce babbar sakandare a tsarinmu na Nijar, kuma ɗan ajin ƙarshe ba ya kai wa ga jarrabawar fita sai ya sha falsafa ya ƙoshi. A cikin abubuwan da nake koyarwa kowace shekara akwai wata gardama da aka yi a 1797 tsakanin Imanuwel Kant na Jamus da wani marubucin Faransa mai suna Benjamin Constant. Kant yana kan cewa ƙarya ba ta halatta ko ta halin ƙaƙa, ko da kuwa mai kisan kai ne ya tsaya a ƙofarka yana tambayar ko abokinka da yake farauta yana ciki. Shi kuwa Constant yana ganin gaskiya kamar bashi ce, ba kowa ke bin ka ita ba, sai wanda yake da haƙƙin ya ji ta. Ɗalibai suna son wannan darasi. Aji yakan rabu biyu, a yi ta musu har a buga ƙararrawa. Ni kuma in tattara takarduna in koma gida, in tarar da yara uku, in shiga shirga musu ƙarya tun daga zaure har lokacin barci, kuma abin bai taɓa tsaya mini a wuya ba.

Ranar da ya fara tsaya mini, wanda ya zo ƙofar ba mai kisa ba ne, mai butikin unguwarmu ne. Wata ya yi nisa, albashi bai sauka ba, yana bi na jaka bakwai na shinkafa da mai da sabulu. (A lissafinmu jaka guda sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5.) Na ji sallamarsa, na gane muryar, na jawo Abba na raɗa masa, "Je ka ce ba na nan." Yaro ya fita da gudu kamar an aike shi karɓo goron salla. Ina daga ɗaki na ji shi tar:

"Baba ya ce ba ya nan."

Mai butikin dattijo ne mai barkwanci. Ya ce, "To madalla. Koma ka tambaye shi yaushe zai dawo."

Sai ga Abba ya ɗaga labule, da iyakar muryarsa: "Baba, wai yaushe za ka dawo?"

Uwarsu tana tsakar gida tana tankaɗe, dariya ta sa ta kifar da rariya. Na fita ina susar ƙeya. Mutumin ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali da ɗalibai, bai ko ambaci abin da ya faru ba, kuma wannan karamcin ya fi zagi ciwo.

Da daren ranar aka nemi gwangwanin madarar Auta, aka tarar an yashe rabi. Ga Abba tsaye, bakinsa fari fat har hanci. Na tambaye shi, ya ce shi ko ganinta bai yi ba, ƙila kyanwa ce. Ba mu da kyanwa. Na buɗe baki zan fara wa'azin nan da kowane uba ya haddace, cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, sai idona ya faɗa cikin na uwarsa. Ba ta ce uffan ba, gira kawai ta ɗaga. Wa'azin ya maƙale.

Washegari na zo mata da doka, cewa daga yau an daina yi wa yara ƙarya a gidan nan, babba da ƙarama. Na jawo mata Kant tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, shi wannan Kant ɗin 'ya'yansa nawa?" Na ce ai bai taɓa aure ba. Ta ce, "To." Garin gyara sai na ƙara ɓatawa, na ce ai akwai Ruso, wanda ya rubuta shahararren littafi a kan tarbiyyar yara a 1762. Ta ce shi kuma nawa ya rena? Dole na faɗa mata cewa 'ya'yansa biyar duk gidan marayu ya kai su, shi da kansa ya rubuta haka. Ta ce, "Ka ga masu wayo. Sun san abin da suka guje wa."

Bayan ta gama yi mini dariya ta faɗi maganar da har yau ban samu cikakkiyar amsarta ba. Ta ce, "Kai tun bakwai da rabi ka fice. Ni ke nan da murhu, da tukunyar ruwan zafi, da wuƙa, da randar da Auta ke son leƙawa. In na ce mata kada ta taɓa wuta don tana ƙuna, sai ta taɓa ta gani. In na ce dodo na ciki, ko kusa ba ta zuwa. Ka zaɓa, yarinyar da ta san gaskiya da tabon ƙuna a hannu, ko wadda ke tsoron dodo da hannunta lafiya."

Ko da ba ta sani ba, tana da babban mai goyon baya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan wannan a cikin Ihya'u, a babin da ya keɓe wa cututtukan harshe. A wurinsa magana hanya ce zuwa ga manufa. Duk manufar alherin da gaskiya za ta iya kai mutum gare ta, to yin ƙarya a kanta haramun ne. In kuwa ba wata hanya sai ƙaryar, hukuncinta yana bin nauyin manufar. Har misali ya ba da na yaron da ba zai je makaranta ba sai an yi masa alkawari ko barazanar da ba gaskiya ba ce, ya ce wannan ya halatta. Da na karanta mata wannan sai ta gyara zama. Amma Malam Gazali bai tsaya nan ba. Ya ce ko wannan da ta halatta ana rubuta ta, kuma za a tambayi mai ita niyyarsa. Ya kuma yi gargaɗin cewa mafi yawan ƙaryar mutane don amfanin kansu suke yi, sai su lulluɓe ta da rigar larura.

Wannan gargaɗin ne ya sa na ɗauki wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, na fara rubuta duk ƙaryar da ta fito daga bakina zuwa kunnen yaran. Kafin Juma'a shafi ya cika. Waya ba caji, alhali tana aljihuna cike taf. Mai alewa ya rufe shago. Gobe zan kai ku wajen Gwaggo. Allurar ba zafi, kamar cizon sauro ce. In ka sake kuka zan kira soja. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina wa wannan ta tsare, sai na ga irin ta dodon murhu, wadda ke tsare fatar yaro, ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu guda ba. Sauran duk kunnena suke tsarewa daga kuka, ko aljihuna daga tsuma, ko barcina na rana. Har na tuna da abin da aka riƙa faɗa mana muna yara, wai yaron da ke cin ƙwai ɓarawo yake zama. Ban san wanda ya ƙago wannan magana ba, amma na san kwanon da ƙwan yake ƙarewa a ciki.

Kada a fahimce ni a baibai, ba duk maganar da ba ta faru ba ce ƙarya. Da dare in an shimfiɗa tabarma aka ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa, an riga an ƙulla yarjejeniya. Kowa ya san Gizo bai taɓa auren 'yar sarki ba, kuma mai tatsuniyar da kanta takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Haka wasan kaka da jika. Mahaifiyata, Inna, takan kira Abba angonta, ta kira Ummi kishiya, su yi ta cacar baki a kan wa ya fi iya tuwo, ba wanda aka yaudara. Ko kunyar nan tamu da ke sa baƙo ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kiran ciroma, manya sun san fassararta, shi ya sa ake sake miƙa masa kwanon har sau uku. Yaro ne kawai bai san fassarar ba. Wata rana mun je gidan surukaina, aka kawo dambu, na ce wallahi yanzu muka tashi daga kan abinci. Ummi ta dube ni da mamaki ta ce, "Baba, wane abinci? Ai ka ce mu bar cikinmu za mu ci a nan." Wannan dai kunya ce ta kama ni, kuma ta wuce. A duk waɗannan kowa ya san wasan da ake yi, ko kuma zai sani nan gaba a koya masa. Ita kuwa maganar takalmi ba ta aiki sai in yaron ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Yardar tasa ce makamin da nake amfani da shi a kansa.

Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir. Yana yaro, Manzon Allah (S.A.W.) yana zaune a gidansu, sai mahaifiyarsa ta kira shi da cewa ya zo ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da a ce ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Na san wannan hadisi tun ina makarantar allo ta dare, amma sai da na zama uba na lura da ƙanƙantar abin da aka tsaya a kansa. Ba dukiya ba ce, ba shaida a gaban alƙali ba, kiran yaro ne da dunƙulallen hannu, abin da ake yi a kowane gida sau goma kafin azahar. In muka koma ga ma'aunin Constant, cewa gaskiya sai ga mai haƙƙinta, to a nan an sa yaro ƙarami cikin masu haƙƙi. Mu ne muka cire shi, kuma in za mu faɗi tsakani da Allah, mun cire shi ne don ba shi da inda zai kai ƙara. Ban taɓa tunanin in ce wa shugaban makarantarmu ya je ya ɗauko takalminsa sannan in sulale ba. Ko surukina. Wanda ya fi kowa yarda da ni a duniya, shi kaɗai nake yi wa haka.

Mukan ce ai yaro ne, zai manta. Ummi ce ta warkar da ni daga wannan zato. Shekarar da ta iya tarawa da ɗebewa a lakwal, ranar salla ƙarama, bayan sun dawo daga kallon hawa a ƙofar fada sun zaga dangi, uwarta ta miƙa hannu kamar kullum ta ce, "Kawo in ajiye miki kada su faɗi." Yarinya ta ce to, amma a tsaya tukuna. Ta shiga ɗaki ta fito da allonta na lakwal da alli. Ashe tana riƙe da lissafin salla uku da suka wuce, wanda kawu ya ba ta, wanda Gwaggo ta ba ta, har da dala goman da wani maƙwabci ya ba ta a bakin masallaci. Ta tara, ya kama jaka biyu da dala tamanin. Ta ce a fara ba ta waɗannan ta gani, sannan ta kawo na yau.

Uwarta ba ta ko ƙifta ido ba ta ce, "Ai da su na saya miki takalmin salla."

Ummi ta ce, "Takalmin da Baba ya ce shi ya saya mini da kuɗinsa saboda na zo ta uku?"

Muka dubi juna, ni da uwarta, kamar ɓarayi biyu da suka yi karo a rumbu ɗaya. Ni na biya, a kashi uku, kuma kowane kashi sai da ta goge a allo ta sake rubuta saura.

Akwai wani gwaji da wata mai bincike, Celeste Kidd, ta yi da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka, aka buga shi a 2013. Sun ɗauki yara 28 'yan shekara 3 zuwa 5. Kowane yaro aka ba shi tsofaffin kayan zane, aka ce ya ɗan jira za a kawo masa sababbi masu kyau. Rabin yaran aka cika musu alkawari, rabin kuwa aka dawo hannu wofi aka ce a yi haƙuri babu. Daga nan aka ajiye wa kowa wata alewa mai laushi guda ɗaya, aka ce in ya daure bai ci ba har a dawo za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12 a tsakaice. Waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3 kawai suka yi suka jefa abinsu a baki. Yaran ba su da yawa, ba kuma zan ɗora wa gwaji guda kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma da na karanta shi Abba na gani da silifas a ƙarƙashin matashi. Yaron da muke cewa ba shi da haƙuri, wataƙila lissafi ya yi, ya ga wanda ke cewa ya jira ba abin jira ba ne.

Duk wannan na san shi, na rubuta a kaye, na kafa doka. Amma ga abin da na yi da hunturun bara.

Inna tana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ita da Abba ba a jin kansu. Tare suke shan fura, shi ke ɗaukar mata buta, in ta idar da salla shi ke karɓar carbi ya rataye. Kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa yi masa dabarar takalmi ba. In za ta fita ba da shi ba, takan tsaya a gabansa ta ce, "Angona, zan tafi unguwa, yau ba da kai ba." Ya faɗi yana birgima, ta ajiye masa dala biyar a kusa da kansa, ta tsallake shi ta wuce. Mukan ce Inna ba ta iya lallashi ba.

Ranar da jikinta ya tsananta muka samo mota za a kai ta asibiti. Ana tallabo ta, Abba ya riga kowa zuwa bakin mota, takalmi a ƙafa, ya riƙe murfin ƙofa. Tsohuwar dabara ba za ta ci ba. Hankalina a tashe, mai mota yana jira, sai na ji bakina ya ce, "Abba, Inna ta manta carbinta, yi maza ka ɗauko mata." Ya saki ƙofar ya ruga. Na ce wa direba ya ja. Uwarsa ta ce mini ya fito da carbin a hannu yana haki, ya tarar da ƙura.

Kwana uku Inna ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku. Aka kwashe yaran zuwa maƙwabta har aka share makoki. Da Abba ya tambaya, wata daga cikin dangi ta ce masa Inna ta wuce Mirya wajen 'yan uwanta, tunda can ne garinmu kuma ta saba zuwa. Kowa ya kama wannan magana ya riƙe, har da ni. Aka ja Ummi gefe aka ce kada ta kuskura ta faɗa masa. In akwai ƙaryar da za a ce ta tausayi ce tsantsa, to wannan ce. Yaro ɗan shekara 4, me ya sani game da mutuwa? A bar shi ya ɗan ƙara wayo.

Bai yi kuka ba. Fushi ya yi. Ya daina ambatonta, ya daina shiga ɗakinta, furar ma ya ce ba ya so. Wajen mako uku bayan nan, ina gyara takardun ɗalibai a zaure, na ji shi yana wasa da Auta a bayan ƙofa, yana ba ta labari irin na manya. Yana cewa, "Inna ba ta da kirki. Ta ce in ɗauko carbi, ta gudu Mirya ta bar ni. Ko sallama ba ta yi mini ba."

Na ajiye jan biro. Ashe abin da muka yi ke nan. Mun ɗauki yaudarar da ni na yi, mun rataya ta a wuyan matar da ba ta taɓa yaudararsa ba, ga ta kuma a inda ba za ta iya kare kanta ba. Mun hana shi kukan rashinta, mun ba shi haushinta ya riƙe a maimako. Kuma in na sake yi wa kaina tambayar kaye, wa wannan ta tsare, amsar ba ta da daɗi. Ni ne ban shirya zama gaban yaro in furta cewa uwata ta mutu ba.

Bayan isha'i na zaunar da shi a kan tabarma. Na ce, "Abba, Inna ba ta je Mirya ba. Ta yi rashin lafiya, ta rasu, an kai ta makwancinta. Ba za ta dawo gidan nan ba. Kuma ba ita ta gudu ta bar ka ba. Ba ita ta aike ka ba, ni ne. Ni na ce wa mai mota ya tafi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Da gaske, ko irin ta takalmi ce?"

Ban san yana da suna da ya raɗa wa abin ba. Na ce wallahi da gaske ne. Bai ce komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa. Ya je ya girgiza yayarsa da ta fara barci, ya ce, "Ummi, wai da gaske Inna ta mutu?" Ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta ce masa e, sai ita ta fara fashewa da kuka, kukan da ta yi mako uku tana haɗiyewa a gabansa saboda mun ce ta yi shiru. Sai a lokacin ya yarda. A magana mafi nauyi da na taɓa faɗa wa ɗana, rantsuwata ba ta isa ba sai da 'yar shekara 7 ta sa hannu. Da suka yi barci uwarsu ta ɗaga matashinsa za ta gyara, ta tarar da carbin a nan, kusa da silifas.

Ban zama Kant ba bayan wannan, kuma ba na jin zan zama. Dodo yana nan a murhunmu, yana kuma cikin rijiyar gidanmu na Mirya, ni da kaina na ƙara masa haƙora ranar da na ga Auta tana jan kujera zuwa bakinta. A wannan uwar yara ta yi nasara, kuma ranar da Auta ta yi wayo zan faɗa mata ba kowa a rijiyar sai kwaɗi. In mai kisa ya zo ƙofata neman abokina, zan ce masa ya tafi Agadas tun jiya, in kwana lafiya. Abin da na kasa ci gaba da yi shi ne in kira ƙaryar jin daɗina da sunan tausayi. Abokaina in na ba su wannan labari sukan ce na cika zurfafawa, ai duk an yi mana ba mu lalace ba. Wataƙila. Amma nakan tuna cewa mu ɗin nan da ba mu lalace ba, mu ne in mutum ya ce "ina zuwa" mun san tafiya ya yi, in tela ya ce gobe mukan ƙara mako, in aboki ya ce a waya ga shi nan a hanya mun san ko wanka bai shiga ba. Ban ce daga zauren gida aka faro ba. Na dai ce a can ni na fara jin babba ya faɗi magana da bakinsa alhali ƙafarsa na shirin yin wata.

Yanzu salon Inna nake bi, kuma yana da tsada. In zan fita nakan tsaya in ce, "Abba, zan tafi, yau ba da kai ba." Ya ƙwala ihun da maƙwabta ke leƙowa ta katanga su tambaya ko kunama ce. Uwarsa ta bi ni da harara har zaure, don ita zan bar wa rigimar, kuma tana da gaskiya. Ranar rigakafi na ce masa allurar da zafi amma ba ta daɗewa, ya tsere ya ɓuya a bayan randa, sai da muka yi kusan rabin awa muna fama, ma'aikaciyar ta ce mini, "Malam, da ka bar mu da namu salon da tuni an gama." Takalmin dai sun bar ƙarƙashin matashi, sun koma bakin ƙofa inda na kowa yake, ko da yake ba zan rantse cewa gaskiyata ce ta kai su can ba, don uwarsa ma ta yi ta faɗa a kan ƙasar da suke zubawa a shimfiɗa.

Watan jiya albashi ya sake makara. Da la'asar na ji sallamar mai butiki. Abba yana kusa da ni yana cin gyaɗa. Ya ɗago kai, ya rage murya yadda ya ga ana yi, ya ce, "Baba, yau kana nan ko ba ka nan?"

Na laluba aljihu, jaka biyu ce kacal, shi kuwa yana bi na tara. Na ce, "Ina nan. Je ka ce masa ya shigo, ka shimfiɗa masa tabarma."